Da digirina na koma ajin 'yan shekara sha takwas

Ranar da na fara shiga ofishin ɗaukar ɗalibai na wata kwalejin gari a Houston, cikin Nuwamban 2017, da wata koriyar jakar roba na tafi, wadda na baro Zariya da ita. A cikinta akwai sakamakon WAEC, da takardar digirina na ilimin ƙananan halittu, da ta hidimar ƙasa, kowacce an yi mata rigar leda. Na baje su kan tebur ɗaya bayan ɗaya kamar mai tallar turare. Matar da ke zaune ta dube su cikin mutunci, ta tattara ta turo mini abina, ta ce abu uku take so ta gani: shaidar na gama sakandare, shaidar na cika shekara 18, da katin da ke nuna na koyi danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya. Na ce ai ni mai digiri ne, ko za a tsallake da ni zuwa ajin faramedik, wato babban ma'aikacin motar agajin gaggawa? Ta ce ba wanda ke shiga wannan ajin sai da shaidar EMT, wani matakin aikin na ƙasa da shi, a hannunsa, ko digiri nawa gare shi. Na fito gwiwa a sanyaye, na zauna cikin mota na kusa rabin awa ban tayar da ita ba.

Abin da ya kai ni wurin ambaliyar Harvey ce, a ƙarshen Agustan shekarar. Daga saman benen da muke haya na ga yadda aka fito da wani tsoho maƙwabcinmu mai ciwon suga, wanda ya kwana biyu ba ya cin abinci. Wata yarinya ce, ma'aikaciyar motar asibiti, da ba ta wuce sa'ar ƙanwata ba ta durƙusa cikin ruwa, ta soki yatsarsa ta duba na'ura, ta sa masa ƙarin ruwa a nan bakin matakala. Kafin a ɗora shi a mota ya farfaɗo har yana yi musu faɗa a kan takalminsa. Lokacin ina aikin ɗora kaya a wani katafaren sito da rana, da dare kuma in ja Uber. Na ce wa matata wannan aikin nake so.

Sai daga baya na gane yadda matakan suke. A Amurka hawa huɗu ne. Na ƙasa shi ne mai taimakon farko, wanda a Texas ake ce wa ECA, kwas ne na awa 60. Sai EMT, wanda jihar ta ce kada ya gaza awa 150. Shi ne mai ba da iskar oksijin, ya tsayar da jini, ya ɗaure karaya, ya ba mai ciwon ƙirji asfirin, ya yi aiki da na'urar nan mai girgiza zuciya da ke yanke hukunci da kanta. Sama da shi akwai AEMT, wanda aka yarje wa neman jijiya da sa ƙarin ruwa da wasu 'yan magunguna. Can ƙololuwa sai faramedik, awa dubu a ƙalla a dokar Texas, kodayake galibin makarantu sun zarce haka. A duk hawa huɗun nan babu inda jihar ta ce sai da digiri. Da awa ake lissafi, da kuma abin da hannunka ya yi a gaban mai duba ka. Matar ofishin ta ambaci wani suna na biyar da Texas ke ba faramedik mai digiri, amma a ranar raina a ɓace yake, ban saurare ta ba.

Takardar da ta fi ba ni wahala ba ta makaranta ba ce, katin rigakafi ne. Kafin a bar ɗalibi ya taka asibiti sai ya nuna an yi masa allurar ciwon hanta, da ta ƙyanda, da ta ƙarambau, da sauransu. Na kira gida a nemo mini katin da aka ba Hajiya ina jinjiri. Ƙanwata ta yi dariya har sai da wayar ta faɗi. Katin da tun zamanin Babangida ba a sake ganinsa ba. Dole aka ɗebi jinina aka auna ko jikin na ɗauke da garkuwar, wadda babu aka sake yi mini allura. Gwajin tarin fuka kuwa ya tayar mini da hankali, don wurin da aka soka a hannuna ya kumbura ya yi ja. Ashe allurar BCG ce, wannan da ta bar wa yawancinmu tabo a dantse, takan sa gwajin fata ya nuna kamar akwai cutar. Sai da aka yi mini na jini da hoton ƙirji aka sallame ni. Duk ɗan gida da zai bi wannan hanya, ya faɗa musu tun farko cewa an yi masa BCG, ya nemi gwajin jini, ya huta. Bayan nan gwajin fitsari na neman ƙwaya, da binciken ko ka taɓa aikata laifi.

Hajiya ba ta kama sunana, don ni ne ɗanta na fari. Da na gaya mata karatun da zan fara, ta yi shiru, sannan ta ce, "Yanzu kai wannan, duk karatun da mahaifinka ya sayar da gona ya yi maka, direban motar gawa za ka zama?" Ban ga laifinta ba. Iyakar ganinta da motar asibiti shi ne ranar da aka kawo gawar kawunmu daga Kaduna. Wanda ya yi haɗari a hanya kuwa, bayan a-kori-kura ko cikin Keke Napep ake saka shi, in an yi sa'a 'yan Road Safety su ɗauke shi. Na ce, "Hajiya, masu rai muke ɗauka." Ta ce, "To, Allah ya sa."

Aka fara aji a Janairun 2018, dare uku a mako da wasu Asabar. Mu ashirin da 'yan kai ne, rabi yara ne da suka gama sakandare bara, suna son shiga aikin kwana-kwana, don a Houston hukumar kashe gobara ce ke riƙe da motocin da ke amsa kiran gaggawa na 911 a cikin birni. Ni ne dattijon ajin da shekara 33. A makon farko malaminmu, wani tsohon faramedik mai ɗingishi, ya ba mu tarihin da ya sa na tuna Hajiya. A 1966 aka fitar da wani rahoto a Amurka kan mace-macen haɗurra, wanda ya nuna kusan rabin aikin ɗaukar marasa lafiya a ƙasar masu sana'ar jana'iza ne ke yin sa, saboda motarsu ce kaɗai mutum zai iya miƙewa a ciki. Shekara guda bayan haka aka kafa Freedom House a Pittsburgh, inda likita Peter Safar ya ɗauki baƙaƙen fata daga unguwar Hill District, da yawansu marasa aikin yi, ya koya musu aikin da a lokacin ake ganin na likitoci ne kaɗai. Suna cikin faramedik na farko-farko a ƙasar, kuma a 1975 aka rufe su. Na so in kira Hajiya in ce mata ashe ba ta yi nisa da gaskiya ba, shekara hamsin kawai ta makara. Na fasa, don na san za ta riƙe rabin farko ta watsar da na biyu.

Karatun littafi bai dame ni ba. Wanda ya haddace sunayen ƙwayoyin cuta da Latin ba zai ji tsoron sunayen ƙasusuwa ba. A jarrabawar hannu ne ido ya raina fata. Ana shigar da kai ɗaki, ga mutum-mutumin roba kwance a ƙasa, ga malama da takarda da agogo. Ta ce mini an kira ni wurin wani da ya faɗo daga tsani, jini na zuba daga cinyarsa. Kafin ta rufe baki na durƙusa, na danne raunin, na ɗaura maɗaurin tsayar da jini sama da shi, na murɗa, na duba numfashi, na ƙirga bugun jijiya. A raina na ce yau na nuna wa yaran nan bambancin mai digiri. Na miƙe ina haki, ta dube ni ta ce na faɗi. Dalili, ban tsaya a bakin ƙofa na furta cewa na sa safar hannu, na kuma tambaya ko wurin babu haɗari ba. Ta ce, "Tsanin nan a jikin wayar lantarki yake. Yanzu gawa biyu gare ni." Akwai kurakuran da ko ɗaya ka yi an soke komai, wannan shi ne na farko a jerin. Wani yaro ɗan shekara 18 da ba ya iya rubuta sunan magani daidai ya wuce a karon farko. Ni sai da na dawo bayan mako guda, ina faɗin kalmomin nan da ƙarfi kamar mai kiran salla.

Jarrabawar ƙasa ta NREMT a kwamfuta ake yin ta, kuma tana da wani hali. In ka amsa daidai ta ƙara tsauri, in ka kuskure ta sassauta, har sai ta gamsu da matsayinka ta mutu da kanta, tsakanin tambaya 70 zuwa 120. Tawa ta mutu a ta 70 cif. Wannan na nufin ko na yi kyau ƙwarai ko na lalace ƙwarai, kuma ba mai gaya maka a wurin. Washegari sakamako ya fito, na ci. Na yi hoton yatsu, na yi 'yar jarrabawar dokokin jiha, Texas ta ba ni shaidar EMT mai shekara huɗu.

Na zaci jiniya zan fara kunnawa. Aikin da na samu a wani kamfani mai zaman kansa ne, na kai masu wankin ƙoda asibiti sau uku a mako da mayar da tsofaffi gidajen kula da su. Kuɗin awa bai kai na siton da na bari ba. Wata goma sha biyar na yi ina wannan, kuma a nan na koyi abin da ba a rubuta ba: yadda ake auna hawan jini mota na tafiya kana jin bugun ta cikin ƙarar taya, yadda ake ɗaga mai nauyin buhu biyu ba ka karya bayanka ba, da yadda fatar mutum ke canzawa kafin na'ura ta ce komai. Turancina na makaranta ma a nan ya daidaita da na tsofaffin Texas, waɗanda ke haɗiye rabin kalma.

Da na koma neman gurbin faramedik a 2019, sai koriyar jakar ta sake fitowa. Abu na farko da ake dubawa shi ne ko makarantar tana da amincewar hukumar CAAHEP, don tun daga Janairun 2013 wanda bai fito daga irin wannan makaranta ba, ko wadda ke kan hanyar samun amincewar, ba ya zama jarrabawar ƙasa. Kwalejin ta ba ni zaɓi biyu. Ko in yi satifiket kawai, ko in haɗa da ƙaramin digiri na shekara biyu mai kiredit 60. Darussan faramedik ɗin iri ɗaya ne, aji ɗaya, malamai ɗaya. Bambancin wasu kwasa-kwasai ne na rubutun Turanci da lissafi da ilimin halayyar ɗan Adam. Na aika takarduna wani kamfani mai auna karatun ƙasashen waje, na biya, aka rubuta wa jami'armu ta aiko da sakamako kai tsaye, wanda sai da wani abokina ya yi sintiri kafin ya fito. A ƙarshe shekara huɗun da na yi sun ɗauke mini kwasa-kwasai kaɗan. Ilimin sassan jiki da aikinsu kuwa sai da na zauna na yi shi daga farko. Na zaɓi digirin, kuma in faɗi gaskiya girman kai ne ya sa, ba hangen nesa ba.

Tsakanin EMT da faramedik akwai rata fiye da yadda sunan ya nuna. Zango guda muka yi a kan zuciya kaɗai, muna karanta zanen da na'ura ke fitarwa, waya goma a jiki amma ta ba ka hoto goma sha biyu, kana neman inda layi ya ɗaga ya nuna jijiyar zuciya ta toshe. Magungunan yara kusan duk da kilo ake lissafa su, Ba'amurke kuma nauyinsa da fam ya sani, sai ka raba da 2.2 a kanka uwa na kururuwa a kunnenka. Adiranalin miligiram ɗaya duk minti uku zuwa biyar ga wanda zuciyarsa ta tsaya, danna ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti. Waɗannan har a mafarki nake karanta su, matata ta shaida. Wuri ɗaya tak digirina ya yi mini rana, ranar da aka zo kan yadda ƙwayar cuta ke shiga jini ta durƙusar da gaɓoɓi. Ranar nan na ci kasuwata, har yara suna neman in yi musu bita.

Sai zagayen asibiti: sashen gaggawa, ɗakin haihuwa, na yara, na masu taɓin hankali, da ɗakin tiyata, inda ake koyon zura bututun numfashi a maƙogwaron mutum na gaske. Na yi wa roba sau ɗari, amma roba ba ta da yawu, harshenta kuma ba ya zamewa. Likitar sa barci ta miƙo mini ƙarfen mai fitila a hannun hagu, ta tsaya a kafaɗata. Na buɗe bakin, na zura, ban ga komai ba sai jan nama. Hannuna ya fara rawa, na ji ina neman jingina ƙarfen a haƙoran mutumin. Ta ce a hankali, "Kada ka lanƙwasa, ɗaga sama, kamar za ka miƙa shi kusurwar ɗakin." Na ɗaga, sai ga wasu fararen zare biyu sun bayyana kamar bakin ƙofa a buɗe. Na tura bututun tsakaninsu, aka haɗa na'ura, layin iskar da yake fitarwa ya fara hawa da sauka a allo. Ta ce, "Shi ke nan, na gaba." Na fita na jingina da bango, rigata sharkaf.

Korona ta tsayar da mu a Maris ɗin 2020, asibitoci suka daina karɓar ɗalibai, karatun da za mu gama a shekara da 'yan watanni ya ja. Don haka matakin ƙarshe, inda ɗalibi ke hawa motar 911 yana jagorantar aiki wani tsohon hannu na sa masa maki, ya faɗo mini a Fabrairun 2021, makon da sanyi ya kashe wutar lantarkin Texas. An kira mu wani gida da asuba, wai mutum huɗu na amai da ciwon kai, suna zargin abincin dare. Abokin aikina ya ɗauki jaka zai shige. Ni kuwa daga bakin ƙofa na ji wani ƙamshi da na sani tun ina yaro, na gawayi a ɗaki rufe, irin na kaskon da kakata ke shiga da shi lokacin hunturu. Na ce kada kowa ya shiga, a fito da su waje tukuna, a kira 'yan kwana-kwana su auna iskar. Sun shigo da murhun gasa nama falo ne don su ji ɗumi. Na'urar yatsa ta nuna oksijin ɗin yarinyar gidan 99, wanda ƙarya ne, don ba ta bambance oksijin da gubar hayaƙin gawayi a jini. Muka sa wa duka huɗun oksijin mai ƙarfi muka kai su. A makon nan ɗaruruwan mutane aka kai asibitocin yankin kan wannan guba. Mai sa mini maki bai ce uffan ba sai da muka dawo, ya tambaye ni ina na koyi wannan. Na ce rabi wajen kakata, rabi wajen wata malama da ta kayar da ni.

Na gama a Mayu, na ci jarrabawar ƙasa ta kwamfuta da ta hannu. Ta hannun ma an daina yin ta a matakin faramedik tun Yulin 2024, an mayar da nauyin kan makarantu. Duk da haka ba a sake ni ba. A Texas likitan da ke shugabantar hukumar da kake wa aiki shi ke yanke abin da za ka yi da wanda ba za ka yi ba, da lasisinsa kake aiki. Sai da na yi wasu watanni ana biye da ni kafin ya sa hannu.

Da ƙaramin digirin ya fito na nemi wancan suna na biyar, faramedik mai lasisi, wanda ake ba mai digirin shekara biyu a wannan fanni ko mai cikakken digiri a kowane fanni. Na samu. Washegari na hau mota ɗaya, da jaka ɗaya, da magunguna iri ɗaya da abokin aikina mai satifiket, wanda ya fi ni iya neman jijiya nesa ba kusa ba. Kan wannan ake ta ja-in-ja a ƙasar. A 2018 wasu ƙungiyoyin malamai da shugabannin aikin suka nemi a wajabta digirin shekara biyu, ƙungiyoyin 'yan kwana-kwana suka ce a'a, zai hana ƙananan garuruwa samun ma'aikata. Jihar Oregon ta riga ta wajabta. Birtaniya tun Satumban 2021 sabon ɗalibi sai ta hanyar digiri, Ostareliya ma ta jami'a ake bi. Ni na ga gaskiya a ɓangarorin biyu, amma in ƙanena ne zan ce ya yi digirin. Ba don zai gyara masa hannu ba. Aikin nan baya yake ci, na ga masu shekara arba'in da biyar da ba sa iya sunkuyawa su ɗaura takalmi. Ranar da bayan ya ce ya gaji, mai digiri zai iya komawa koyarwa, ko ofis, ko ya ɗora karatun jinya a kan kiredit ɗinsa. Mai satifiket sau da yawa sai ya koma layin da na tsaya a 2017.

Da azumin bara hawan jinin Hajiya ya tashi, ƙanwata ta kira ni ta bidiyo hankali a tashe. Na sa ta auna sau biyu, na sa Hajiya ta yi murmushi ta ɗaga hannuwa biyu in gani, na karanta kwalayen maganinta ɗaya bayan ɗaya, na gano kwana huɗu ba ta sha na safe ba saboda azumi. Na ce a kai ta asibiti a daren, a kuma tambayi likita yadda za a mayar da maganin lokacin sahur. Da ta warware na ji tana gaya wa maƙwabciyarta, ba ta san wayar na kunne ba, wai yaron nan nata likita ne a Amurka. Na ɗaga murya na ce, "Hajiya, ba likita ba ne, faramedik." Ta ce, "Kai dai rufe mini baki, wa zai iya faɗin wannan?"